Rasuwar Ginshiƙin Siton Alhaji Maitama

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da fushin da bai huce ba, Alhaji Maitama na Ƙarfi yake sanar da 'yan'uwa da maƙwabta rasuwar Ginshiƙi, gungumen giginyar da ke riƙe da benen katako a sitonsa tun zamanin mahaifinsa.

Marigayin mai haƙuri ne. Kowace kaka a jibga masa masara har kusa da rufi, bai taɓa cewa uffan ba. Gara ma ta gwada shi ta haƙura.

Ciwon ajalinsa ba daga sama ya faɗo ba. Awaisu, ƙanin Alhaji, shi ya sayo keke mai ƙafa uku, ya ga ba zai wuce tsakanin marigayin da bango ba. Maimakon ya kwanar da abinsa a waje kamar kowa, sai ya ɗauko gizago ya sassaƙe rabin naman itacen daga ƙugu, wai giginya ce, ba ta san gajiya ba.

Nana Khadija, 'yar Alhaji mai karatun injiniya, ta yi wa Awaisu bayani dalla-dalla. Ta ce wahalar itace ana gane ta ne idan an raba nauyin kaya da faɗin wurin da ke ɗauke da shi. Buhunan ba su ragu ba, faɗin ya koma rabi, don haka abin da ya saura yana ɗaukar ninki biyu. Awaisu ya yi dariya, ya kira ta 'yar boko. Alhaji kuwa ya yi kara, bai tsawata wa ƙaninsa ba, abin da ya fi ci masa rai ke nan.

Marigayin ya yi ta nishi, "ƙiiƙ, ƙiiƙ," aka ce ɓera ne. Ranar da aka yi ruwan ƙarshe ya ce "ƙas," ya durƙusa. Bene ya biyo shi, rufi ya tsage, ruwa ya jiƙa irin shukar baɗi kaf.

Ya rasu ya bar azara guda shida, duk a karye, da keken Awaisu, wanda ko ƙwarzane bai yi ba.

Za a yi jana'iza gobe da hantsi a murhun gidan, inda marigayin zai dafa jiƙaƙƙiyar masarar da ya mutu yana riƙe da ita. Ba a buƙatar ta'aziyyar Awaisu. Ya dai zo da gizagonsa, shi zai faskara gawar.