Rasuwar Dogo Mai Ido Ɗaya, Madubin Hangen Taurari

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda har yanzu take tafasa, ni Silvanus Kambai, ma'aikacin tashar jirgin ƙasa a Kafanchan, nake sanar da 'yan'uwa, maƙwabta da 'yan ikilisiya rasuwar madubina na hangen taurari, wanda yaran unguwa suka raɗa wa suna Dogo Mai Ido Ɗaya. Ya rasu a daren shigowar wannan shekara ta 1974. Ba tsufa ne ya ɗauke shi ba, kuma ba ruwan sama ba. Hannun mutum ne, kuma zan faɗi sunan mutumin.

Marigayin ya shigo gidanmu daga hannun wani malamin lissafi Ba'indiye, wanda ya bar mini shi da zai koma ƙasarsu. Tun daga ranar bai taɓa cin abincin kowa ba, bai taɓa gulmar kowa ba. Maganarsa kaɗan ce. In na buɗe ƙafafunsa a tsakar gida sai ya ce ƙwas, ƙwas, ƙwas. In na murɗa wuyansa yana neman tauraro sai ya ce ƙiii, a hankali, kamar mai tsoron tada jariri.

Shi ya nuna mini ramuka da duwatsun da ke jikin wata. Shi ya nuna mini zoben da ke kewaye da tauraron nan da Malam Lawal, maƙwabcina mai sayar da yadi, ya ce sunansa Zuhal. Marigayin bai san bambanci ba. Malam Lawal ya sha neman jinjirin watan azumi da idon Dogo, matan zumunta na cocinmu kuma sun sha yin layi bayan koyon waƙa don su leƙa taurarin nan, Kaza da 'Ya'yanta. Akwai wadda ta leƙa ta ja da baya tana cewa, "Yesu! Ashe 'ya'yan sun fi bakwai!"

Ga yadda ajali ya zo. Rediyo ta daɗe tana shelar tauraro mai wutsiya da zai bayyana. Mahaifina, wanda ya haura saba'in, ya ga irinsa yana ɗan yaro, tun kafin layin dogo ya iso garin nan, kuma kullum labarinsa ke nan. Idanunsa sun yi rauni, amma da Dogo yana iya rarrabe wata da fitila. Na yi masa alkawari zai ga na biyu.

Ranar jajiberin sabuwar shekara ina bakin aiki, Kumai, mijin ƙanwata Afiniki, ya shigo gidana ya ce wa yara ni na aiko shi. Ya ɗaure marigayin a bayan keke kamar daurin rake, ya kai shi Manchok don ya burge abokan shan burkutunsa. Da magariba suka auna wata. Kumai ya leƙa, ya ga tabo baƙi-baƙi a jikinsa, sai ya yanke hukunci cewa gilashin ne ya yi datti. Ya kwance idon. Ya samo toka da yashin rafi da soson wanke tukunya. Ya dirje. Ya mayar ya leƙa, ya ga abin ya ƙara lalacewa, ya sake dirjewa. Da idon ya ƙi komawa mazauninsa, sai ya taimaka masa da ƙotar fartanya. Waɗanda suke wurin sun shaida mini cewa kalmar marigayin ta ƙarshe ita ce ƙaras.

Kumai ya dawo mini da shi a naɗe cikin tsohon zane, yana murmushi.

"Suruki, ai taimakon ka na yi," in ji shi. "Abin naka duk datti a ciki. Kai ba ka wanke shi ne?"

Tauraron ya fito bayan haka, can yamma, bayan faɗuwar rana. Bai yi hasken da rediyo ta yi alkawari ba. Mai lafiyar ido ma sai ya ƙura kafin ya ga ɗan dishi-dishi. Na fitar da Baba a kujerarsa, na kafa masa Dogo duk da na san abin da na sani. Ya daɗe da ido a bakin madubin.

"Silba, ina wutsiyan? Ni hayaƙi kawai nake gani."

Na kama hannunsa na nuna masa wajen da yatsa. Ya ɗaga kai ya duba, ya duba, sannan ya ce in mayar da shi ɗaki, sanyi yana shigar masa ƙafa. A bakin ƙofa ya ce, "Bari kawai, ɗana. Na ga na farko." Tun ranar bai sake ba da labarin na farkon ba. Tauraron ya wuce, kuma an ce ko jikokin jikokinmu ba za su ga dawowarsa ba.

Fasto ya zo gaisuwa ya ce in bar wa Ubangiji ramuwa. Na bar masa babbar. Ƙananan kuwa zan rage masa aiki.

Marigayin ya bar ƙafafu uku da ba su da abin ɗauka, da akwatin katako, da murfin ido, da tsoho ɗaya da aka karya wa alkawari.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da yamma a bayan gidana, gefen da ƙasar take da marmara. Kumai ne zai haƙa kabarin, shi kaɗai, kuma ni zan faɗi in zurfin ya isa. Ba a yarda ya taɓa gawa ba. Malam Lawal ya ba da farin yadi, matan zumunta za su yi waƙa. Bisa al'ada, in an yi rasuwa a gida suruki ne ke kawo akuya, don haka za a ciyar da masu makoki da baƙin bunsurun nan na Kumai, wanda yake ta kiwo yana cika baki da shi a kasuwar Manchok. Afiniki ta riga ta kawo shi da kanta, yana ɗaure a gindin mangwaron gidana. Kumai yana can yana nemansa a kan dutse. Duk wanda ya gamu da shi, ya ce masa ya zo da fartanya.