Rasuwar Mai Fitila, Kaset ɗin Kai-Ƙarshe

Da zukata cike da baƙin ciki, wasu har baki, wasu rabi, mu ƴan fadar shan shayi ta gindin dogon-yaro a bakin tashar Madarunfa, a madadin Malam Shu'aibu mai faci, wanda duk gari ya sani da Kai-Ƙarshe, muna sanar da ƴan uwa da abokan arziki na Safo, Ɗan Issa, Sarkin Yamma da duk inda wannan takarda ta kai, rasuwar kaset ɗinsa na wasan tele, wanda muke kira Mai Fitila. Ya cika ranar Talata bayan la'asar, a hannun mai shi, gaban shaidu goma sha ɗaya, bayan shekara ashirin da shida yana zaune da mu.

Marigayin baƙo ne. Ta hanyar Katsina ya shigo, cikin kwali ɗaya da na'urarsa da maneti biyu, wato abin da ake riƙewa a hannu a sarrafa wasan, takardar goshinsa a yage, don haka har ya koma babu wanda ya san sunansa na yanka. Abin da ke cikinsa bai da yawa. Wani siririn mutum ne a ƙasan rami mai zurfi, riƙe da fitila, yana neman hanyar fita sama. Shi ke nan. Ba ya magana, ba a rubuta maka inda za ka bi, ba mai zuwa ya taimake ka.

Amma wanda ya taɓa riƙe maneti ya san halinsa. Tafiyarsa tafiyar mutum ce. Kafin ya yi tsalle sai ya ja baya ya tattara jikinsa, in ya kama bakin dutse sai ya yi reto da yatsu, ya numfasa, kana ya ja kansa sama da ƙyar. Muna tuna sawunsa, ƙis, ƙis, ƙis. Muna tuna ɗan nishin da yake yi in ya cafki gefe, hah. Fiye da komai muna tuna tim ɗin nan, wadda ke biyo bayan kuskuren taku ɗaya, sai allo ya yi baƙi, ka tsinci kanka a ƙasan rami kamar ba ka taɓa motsawa ba. Bai san alfarma ba. Yadda ya kashe mai tura amalanke haka ya kashe mushen lakwal, malamin makarantar boko, haka ya kashe wani babban ma'aikaci da ya zo da takalmi mai ƙyalli ya tafi yana zagin maneti.

Yana da lalura ɗaya tun ƙuruciya. Wani lokaci in an sa shi a na'ura sai ya ƙi tashi, sai an zare shi an hura masa iska ta ƙasa. Mu a fada tofi muke ce wa wannan aiki, kuma Shu'aibu bai taɓa barin wani ya yi shi ba. Yakan riƙe kaset da hannu biyu, ya lumshe ido, ya hura sau uku, ya mayar. Sai kiɗan farko ya taso, mu kuma mu gyara zama.

A shekararsa ta uku a garin nan abin da ya ɗaga darajar gidan ya faru. Ranar duk fada ta tafi ɗaurin aure Safo, Shu'aibu kaɗai ya zauna don ƙafarsa na ciwo. Da muka dawo da yamma muka same shi a kan benci yana kallon sama, ya ce mana ya kai ƙarshe. Ya ce a can ƙololuwa akwai ƙofar ƙarfe, in ka tura ta sai rana ta fito, ga wata mace tsaye da ƙwaryar ruwa. Mai Fitila ya sha, ya hure fitilarsa, ya buɗe baki ya faɗi kalma ɗaya. Muka ce wace kalma? Ya ce sai wanda ya kai can. Tun ranar sunan Shu'aibu ya ɓace, Kai-Ƙarshe ya maye gurbinsa.

Ba mu taɓa ganin ya maimaita ba. In an roƙe shi sai ya ce abu mai daraja ba a yi masa kallo biyu. Labarin dai bai zauna wuri ɗaya ba, don akwai shekarar da matan suka zama biyu, akwai wadda aka ga mota a bayan ƙofar. Muka haɗiye duka, saboda cikinmu babu wanda ya wuce hawa na biyar, kuma wanda bai je wuri ba bai da bakin musu. A kan wannan suna ya ci shekara ashirin da uku yana zama a kujera mai hannu, ana miƙa masa kofin farko, ana kawo masa shari'ar ƙwallo da ta siyasa ya yanke. A gaskiya ba shi da wani abin taƙama bayan wannan. Facinsa ma ba ya kai mutum Maraɗi.

Wanda ya fi shan wuya a hannunsa shi ne Habibu direba, mai jigilar Maraɗi zuwa Katsina. Akwai wani rami a hawa na uku da Habibu ya faɗa cikinsa fiye da yadda za a ƙirga, har Shu'aibu ya laƙaba masa Rami-Ukku, sunan ya bi shi har tasha, har gidan surukai.

"Kai da ka iya kai mota Katsina, ɗan ramin ga ya gagare ka?" in ji shi. "Aje maneti, tahi ka hura gawayi."

Habibu yakan yi dariya ya tashi ya hura. Mun ɗauka haƙuri ne.

Da salula ta yawaita muka fara jin cewa tsofaffin wasanni irin marigayin ana yi musu kashi na biyu, sai fada ta rabu. Ɓangaren Habibu suka ce ya kamata a yi wa Mai Fitila magaji, ko waɗanda ba su ga ƙarshe ba sa samu abin kamawa. Shu'aibu ya tashi tsaye a kan ƙin haka, da zafin da ba mu taɓa ganin ya yi ba ko a kan gadon gonar ubansa.

"Abin da ya ƙare ya ƙare," in ji shi. "Mutum ya hito, ya sha ruwa, ya huta, ku ce a sake tura shi rami don ku ji daɗi? Mi za a ƙara mai? Duk wanda kunka ji yana neman na biyu, na farko ne ya hi ƙarfinai."

Muka jinjina kai, muka ce wannan magana ce ta wanda ya ga duniya. Har yau ma ba mu ce ƙarya ya yi a nan ba.

Domin magajin ya zo, kuma mun gan shi. Ranar Talatar nan Habibu ya sauko daga mota da sabuwar na'ura a ƙarƙashin hammata, ya ce ga kashi na biyu na Mai Fitila. Muna shaida wa jama'a cewa ɗan bai gaji ubansa ba. Ƙato ne mai ƙirji kamar ɗan kokawa, bakinsa ba ya rufuwa, har da fitilarsa yake hira. Duk bangon da za ka hau an shafa masa rawayan fenti don kada ka wahalar da kanka da tunani. In ya faɗa rami, nan take yake miƙewa a bakin ramin, ya kaɗe riga, ya yi barkwanci. Habibu da kansa ya wuce hawa huɗu yana amsa waya. Wasan da Habibu zai ci da hannu ɗaya, ku da kanku kun san ba wasa ba ne.

Sai dai ɗan ya zo da abu guda da ba wanda ya tambaye shi. Kafin a fara, sai da ya nuna yadda ubansa ya ƙare. Muka ga siririn mutumin nan namu ya kai ƙololuwa. Ƙofar ta itace ce. Ya tura ta, babu rana, babu mace, babu ƙwarya. Wani matakala ne ya sake gangarawa ƙasa cikin duhu. Ya tsaya yana dubansa, fitilar ta mutu da kanta, kuma bai ce uffan ba.

Habibu ya mayar da wurin baya ya sake nunawa, ya kuma sakewa, wai ko akwai wanda bai gani da kyau ba.

"Wanga ba ɗanshi ba ne," in ji Shu'aibu. "Shege ne. Sun canza labarin."

"To ai ga uban nan da ranshi," in ji Habibu a hankali. "Kunna muna shi, Kai-Ƙarshe. Yau ko fasinja ban ɗauka. Muna nan har ka buɗe ƙofar."

Daga nan jinya ta fara, kuma ba ta yi tsawo ba. Shu'aibu ya ɗauko marigayin ya sa a na'ura, yana roƙo a ransa ya ƙi tashi kamar yadda ya saba. Kaset ɗin da ya shekara biyar bai tashi ba sai da tofi, ranar bugu ɗaya ya tashi, kiɗansa tas. Shu'aibu ya dubi ɗan mutumin a ƙasan rami yana jiransa da fitila. Shi kaɗai ya san cewa ranar ɗaurin auren Safo a hawa na shida kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke, ya zauna yana kallon baƙin allo, da muka dawo muka tambaye shi ina ya kai, bakinsa ya riga hankalinsa. Ya san yatsunsa na yau ko hawa na huɗu ba za su kai shi ba. Ya kuma san yana ƙaunar abin nan fiye da yadda yake ƙaunar mutane da yawa.

Sai ya ce hoton na rawa, yana buƙatar tofi. Mu ba mu ga rawa ba. Ya zare kaset, ya ɗauki kofinsa na shayi na uku, wanda ya fi kowanne zaƙi, ya kurɓa ya cika baki. Ya lumshe ido kamar kullum. Bai haɗiye ba ya hura.

Da ya mayar da shi, marigayin ya yi ƙoƙari, Allah ya sani. Kiɗan ya taso rabi ya karkace, allo ya cika da zane-zane kore da ja, muka ji ƙis ɗaya, sannan wani dogon tsiii, sai ƙauri. Shu'aibu ya ce subhanallahi, mantuwa ce. Sa'an nan ya fashe da kuka, kuma wannan kukan na gaske ne, mun tabbata. Mun bar shi ya yi abinsa, ba wanda ya dafa shi.

Washegari aka garzaya da marigayin zuwa garin Ɗan Issa wurin Abubakar mai gyaran rediyo. Ya kwance shi, ya tarar tururuwa sun riga shi isa. Ya duba da gilashinsa, ya sa yatsa ya lasa, ya mayar da murfi.

"Ku yi haƙuri," in ji shi. "Ciwon suga ne. Kuma ba gado ya yi ba, ba shi anka yi."

Marigayin ya rasu ya bar na'ura ɗaya, wadda yanzu take takaba a ƙarƙashin gado, da maneti biyu, ɗaya maɓallinta na tsalle ya lotse saboda Habibu. Ya bar tele mai ƙaton ƙeya. Ya bar ɗa guda da ake gardama a kansa, mai surutu, wanda ba mu so, ba mu nema da zuciya ɗaya ba, amma ba za mu ce bai yi mana amfani ba. Ya kuma bar Malam Shu'aibu, da sunan da ke rubuce da jan fenti a allon shagonsa da bayan babur ɗinsa. Da mata suka je yi wa maiɗakinsa Aminatu gaisuwa suka kira ta matar Kai-Ƙarshe, sai ta ce su daina wahalar da bakinsu, ita tun da aka kawo ta gidan ba ta ga abin da ya kai ƙarshe ba, ko katangar bayan gida.

Za a yi jana'iza gobe Juma'a da ƙarfe tara na safe a bayan fada. Za a naɗe marigayin cikin tsohon tub daga shagon mai shi. Ba za a yi salla ba, liman ya ce kada a sa shi cikin shirme. Malam Shu'aibu zai zauna karɓar gaisuwa kwana uku a kan benci, kujera mai hannu tana wurin gyara.

Ranar Litinin kuma, in Allah ya kai mu, za a taru da hantsi don cika wa marigayin burinsa. Muna farin cikin sanar da cewa Habibu ya bi kasuwar Katsina rumfa rumfa har ya samo ɗan uwan marigayin, uwa ɗaya uba ɗaya, lafiyarsa ƙalau, an gwada shi sau bakwai. An tanadi gurup, injin wuta, cike da mai, an ari babbar tele, an kafa rumfa. Malam Shu'aibu ne zai riƙe maneti, kuma ba mai tashi sai ƙofa ta buɗe ko rana ta faɗi. Allah ya ba shi haƙurin rashi. Ana roƙon jama'a su zo da wuri don wuri zai yi kaɗan, kuma kada kowa ya zauna a tabarmar gaba. An keɓe ta ga ƴaƴan Malam Shu'aibu biyar, don su gani da kyau.