Rubutun Jikin Motar Sagiru

"Wai ni Hajiya, motar nan ta mijin Kubra me take ɗauka ne? Fetur ko ruwa?"

Kubra tana shanya a tsakar gida ta jiyo tambayar ta kan katanga. Wata baƙuwa ce take tambayar Hajiya Gambo, tsohuwar da ke maƙwabtaka da su. Hajiya ta ce, "Oho musu! Ni dai kullum na fito ina ganinta a gindin darbejiya, awaki na barci a ƙarƙashinta."

Kubra ta san amsar sarai. Motar yasar masai ce. Gonarsa ta gado mijinta Sagiru ya sayar ya sayo ta, don ya ji an ce harkar akwai samu. Amma fa bakinsa ya kasa furta sunan sana'ar. Ranar da motar ta iso ya naɗe ƙaton tiyon zuƙar ya ɓoye a zaure, ya rufe da tsohuwar tabarma, sannan ya ja wa Kubra kunne.

"Ko Innarki ce ta tambaye ki, ki ce harkar tsaftar muhalli nake yi. Kin ji ko?"

Ta ce, "To."

Mota dai ta yi ta zama. Baba Tanko, direban da aka ɗauka, ya fara cewa shi fa idan wata ya mutu ba aiki zai koma tashar tifa. Ana cikin haka Nafi'u ya zo. Abokin Sagiru ne, ya taɓa zuwa wata bitar 'yan kasuwa a otal a Kaduna, kuma tun daga ranar bai yarda ya cire katin bitar daga wuyansa ba. Kubra ta kai musu zoɓo zaure, ta koma bayan ƙyaure ta laɓe.

Nafi'u ya ce, "Mutumina, matsalarka guda ce, ba ka da take. Duk wani babban kamfani yana da 'yan kalmomin da ke shiga zuciyar mai saye. Yanzu kai me kake sayarwa?"

Sagiru ya waiga hagu da dama, ya rage murya. "Ka dai sani."

"A'a! Wannan tsohon tunani ne. Kai kwanciyar hankali kake sayarwa."

Baba Tanko ya yi gyaran murya. "Maigida, da an rubuta 'Muna yasar masai,' a sa lambar waya a ƙasa, ai an gama."

Sagiru ya zabura kamar an ɗana masa wuta. "Haba Baba! Ta ƙofar gidan surukaina fa motar nan za ta riƙa wucewa!"

Nafi'u ya yi dariya har katin wuyansa na rawa. "Baba, a bar wa masu abin abinsu. Kai dai riƙe sitiyari."

Aka kira mai fenti. Ya shafe tankin fari tas, ya zana kurciya tana tashi sama, ya rangaɗa rubutu da shuɗi: KAMFANIN SAGIR DA 'YA'YANSA. Ko ɗa ɗaya ba su da shi tukuna. A ƙasa kuma: KWANCIYAR HANKALINKU ITA CE BURINMU. Sai lambar wayar Sagiru.

Kubra ta leƙa ta karanta a hankali, harafi bayan harafi, don karatunta bai yi nisa ba. Ta sake bi daga farko tana neman inda aka faɗi aikin motar. Ba ta gani ba. Ta ce a ranta, wataƙila sai a manyan azuzuwa ake koyar da wannan.

Waya kam ta fara kuka. Wata ta kira tana son a kawo mata ruwan sha na biki. Wani ya tambaya ko suna da maganin hawan jini. Wani bawan Allah kuwa ya zauna ya zayyana wa Sagiru duk rigimarsa da 'yan'uwansa kan rabon gida, ya ce a taimaka a shiga tsakani.

Nafi'u ya ce, "Ka gani? Saƙo ya fara shiga!"

Ran nan da hantsi Hajiya Gambo ta ɗago kai ta katanga. "Kubra 'yar nan, ko kin san masu yasar masai? Namu ya kawo iya wuya, ko baƙo kunyar nuna masa nake."

Maganar ta zo wa Kubra har leɓe. Sai ta tuna jan kunnen maigidan, ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin mayafi. "Sai dai a tambaya, Hajiya."

Washegari sai ga wata ruɓaɓɓiyar mota tana tari tana hayaƙi, ta zo ta tsaya daidai gefen mai kurciya. A jikinta an rubuta da jan fenti, layin ma a karkace: MASAI YA CIKA? KIRA ƊANJUMA. Ma'aikata suka ja tiyo suka shige gidan Hajiya. Kafin a jima maƙwabta biyu sun fito suna kwafar lambar wayar da ke jikinta.

Sagiru ya fito ko hula babu. Kubra ta bi shi zuwa zaure, tana rantsuwa a ranta cewa zancen jiya ita da katanga ne kawai za su san shi.

"Haba Hajiya! Ga motata a ƙofar gidanki, ki tsallake ta ki kira bare?"

Hajiya ta dubi motar, ta dube shi. "Au! Ita ma abin da take yi ke nan?"

"Ba ki iya karatu ba ne? Ga shi nan ɓaro-ɓaro, kwanciyar hankalinku ita ce burinmu!"

Hajiya ta gyara ɗaurin zaninta.

"Na karanta, ɗan nan. To ai ni hankalina a kwance yake, masaina ne ya cika."