Ranar da Na Ƙaryata Metoronom

Ba zan taɓa mantawa da safiyar da na tsaya gaban ƴan lakwal kaf, wato ƴan makarantar boko, ina gardama da guntun katako ba. Zamanin mulkin soja ne, ina sabon malami a Filinge, kuma ni ke buga ganga idan za a yi defile, wato macin yara a gaban komandan. Ina ji da gangar nan fiye da aikin da aka ɗauke ni dominsa. Har sabuwar riga na ɗinka saboda ranar, don na san Hadiza, wadda nake nema da aure, za ta zo kallo.

Matsala ɗaya ce: duk gwajin da muka yi, yara sukan fara da maci su ƙare da gudu. Na ce yaran ne ba su da kunne. Direkta, shugaban lakwal ɗin, bai gamsu ba, sai ya kira Baba Sarjan, wani tsohon soja da ya daɗe cikin ƴan badujala a Yamai, gidansa na jikin katangar lakwal.

Ya zo da wani abu naɗe a tsumma, ya ajiye a kan benci. Ɗan akwatin katako ne, gindi da faɗi, kai da tsini, da siririyar sandar ƙarfe mai ɗan dunƙule a jikinta. Ya murɗa makulli kamar na agogo, ya saki sandar. Ta fara kai da kawowa: kas, kas, kas.

"Wanga shi aka ce ma metoronom," in ji Baba. "Ba ya kiɗi, ba ya waƙa, lokaci ɗai shika riƙo. Ka ɗaga dunƙulenga bisa, shi tahi sannu. Ka sauke shi ƙasa, shi yi sauri. Da shi munka koyi busa, da shi munka koyi taku. Inda ka aje shi, nan za ka iske shi."

Na taso cikin kiɗa, amma ban taɓa tunanin lokaci abu ne da za a kama a sa cikin akwati, a ji shi yana tafiya da kunne ba.

Baba ya ce in bi shi. Na rataya ganga, yara suka ɗaga ƙafa. Da farko ni da akwatin kamar tagwaye. Sai matan unguwa suka taru a bakin ƙofa, wata ta rangaɗa guɗa. To, a ƙasar Kurfai, inda Filinge take, kowa ya sani, makaɗin da aka yi wa guɗa bai ƙara wuta ba, an raina shi ke nan. Na ƙara wuta. Aka sake guɗa, na sake ƙarawa (har da juya kafaɗa, Allah ya yafe mini). Da na farga, yara na gudu, akwati kuma na can baya yana kas ɗinsa ba ruwansa.

Da na yi shiru a nan da na tsira. Ina! Sai na ɗaga murya yadda mata za su ji: "Baba, abin naku ya gaji! Zahin Filinge ya kashe mishi jiki. Ku ɗiga mishi man keke."

Baba ya ɗaga yatsa kawai. A bayan katanga matarsa Inna Hauwa tana sussukar hatsi, muna jin taɓarya. Ya matsa dunƙulen kaɗan-kaɗan, har kas ɗin ya faɗo daidai da taɓaryarta, sannan ya harɗe hannu.

Muka tsaya muna saurare. Tsohuwar nan ba ta ganin akwatin, ba ta ma san muna yi ba. Mun ji ta yi tari, mun ji ta kori kaji, amma taɓarya da ƙarfe ba su rabu ba ko sau ɗaya har turmin ya ƙare. Ban taɓa jin abin da ya cika mini ciki irin wannan ba. Na manta da kaina sarai, har sai da Baba ya tuna mini.

"To Mushe," ya ce mini, yadda ake kiran malaman lakwal, "shi da tsohuwata duk sun gaji, kai ɗai ke da lahiya?"

Dariyar da ta ɓarke har a kasuwa an ji ta. Direkta ya zare gangar daga kafaɗata a hankali, ya rataya wa Baba.

Ranar defile yara suka wuce gaban komandan kamar ƙafa ɗaya. Ni kuwa ina can ƙarshen layi cikin sabuwar rigata, riƙe da bokitin ruwan sha. Hadiza ta gan ni sarai.

Daga baya na yi wata da watanni ina zuwa zauren Baba da la'asar, yana kunna mini akwatin ina bi. A nan na gane hannuna lafiyarsa lau, kunnena ne ba ya jure yabo.

Hadizar ta aure ni duk da bokitin. Yanzu mun yi jikoki, amma har gobe in baƙi suka yaba ni, na gyara zama na fara zuba, sai in ji ta daga tsakar gida a hankali tana cewa, "Kas... kas... kas."