Rumfar Kaka Susana a Kan Kwata

"...da gajiya? Ina kwana, Amarya?"

"Lafiya lau. Matsa daga nan, kana tare mini masu ciniki da wannan kan naka."

Natan ya durƙusa a bakin rumfar yana kare ido daga hayaƙi. Susana kakarsa ce, ita ta haifi mahaifiyarsa. Ta fi shekara ashirin tana suyar ƙosai da doya a Jigwada, cikin rumfar langa-langa da ta kafa daidai kan babbar kwatar unguwa. Katako ta shimfiɗa ta ɗora murhu, a ƙarƙashi kuwa leda da robobi da toka suka cushe hanyar ruwa. Bara ruwan Agusta ya rasa inda zai bi, ya gangara gidajen haya na ƙasa, ya rushe ɗakin Mu'mina mai wanki. Mako shida ta yi da 'ya'yanta uku a ajin firamare. Bana matasan unguwa suka sa Asabar za a yi aikin gayya a yashe kwatar kafin damina ta kankama. Da aka zo kan wa zai gaya wa tsohuwa ta ɗaga rumfarta, sai kowa ya juya ya kalli Natan. Shi ne sakataren ƙungiyar matasan, shi ne kuma jika.

Susana ta nuna takardar da ke hammatarsa da matsamin ƙosai. "Wannan fa? Ta saki ce ka kawo mini?"

"In na sake ki wa zai kwasa? Haƙora huɗu, biyu ma suna neman ritaya."

"Huɗun nan sun ci naman da ba ka taɓa gani ko a hoto ba. Dube shi. An gama jami'a, gemu ƙwaya bakwai, wuya kamar na zakaran da ruwa ya doka."

"A haka dai kika gani kika ce kina so."

"Tausayi ne. Faɗi abin da ya kawo ka."

Natan ya gyara murya. Tun a hanya ya tsara jawabinsa, amma da ya haɗa ido da ita rabi ya gudu.

"Kaka, yanayi ya sauya. Ruwan da a da yake sauka cikin wata guda, yanzu a yini ɗaya yake juyewa."

"Ni za ka gaya wa? A zamaninmu ruwa sai ya yi sallama. Hadari ya haɗu, iska ta kaɗa, mu kwashe shanya, sannan ya sauko a natse. Tun da aka fara haifar irinku ya koyi rashin kunya."

"Ashe ni na lalata ruwan sama."

"Ranar da aka haife ka ƙanƙara aka yi a Keffi. Akuyata har ɓari ta yi."

"Ke kuwa an ce lokacin da Nuhu yake sassaƙa jirgi, ke kike kai masa ƙosai."

"To wadda ta ga ruwan Nuhu ta tsira, na Jigwada ne zai tayar da ita?"

Wata mata da ke jiran doya ta tuntsire da dariya, ta karɓi ƙullinta ta wuce. Natan ya jira ta yi nisa, ya sassauta murya.

"Ke kin tsira, Kaka, kina kan tudu. Mu'mina tana gangare. Ɗakin da aka sake tayar mata ko siminti bai gani ba. In ruwa ya sake bi ta can, ban san me zai rage ba. Mun zo roƙo ne ki ɗaga rumfar. Malam Husaini mai shago ya ba ki gindin mangwaronsa, mu za mu kafa miki."

Susana ta sunkuya kan kasko. Ta juya ƙosai ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda ba su isa juyi ba. Natan ya san duk makonni shidan nan ita take aika wa 'ya'yan Mu'mina karin kumallo, ba ta taɓa faɗa wa kowa ba. Sai ya ji kamar ya taka inda bai kamata ba.

Can ta ɗago. "Mai gida, kwatar nan a rumfata ta fara?"

"A'a."

"Wa ya ja katanga ya haɗiye rabinta a can sama, don ya samu wurin ajiye mota ta uku?"

"Oga Godfrey."

"To me ya sa ƙungiyarku ta tsallake mai bene, ta zo kan mai murhu?"

"Ba mu tsallake shi ba. Mutumin yana Abuja kullum. Mun rubuta masa wasiƙa."

"Nawa?"

"Uku."

"Ya amsa?"

"Maigadinsa ya karɓa."

"Na sani." Ta sa hannu cikin kwandon takardun naɗe ƙosai, ta zaro wata da ta yi sharkaf da mai, ta miƙa masa. Ga hatimin ƙungiya, ga sa hannunsa a ƙasa. "Maigadin ne yake kawo mini. Turancinka yana tsotse mai sosai, ka ƙara rubuto ta huɗu."

Natan ya riƙe takardar da yatsa biyu. Kwana biyu ya yi yana gyara ta.

"Kaka, wannan cin amana ne. Matata da maigadi."

"Shi aƙalla yana zuwa da abin hannu."

"To yanzu ya za mu yi? In ba a fasa katangar ba, ko kin tashi aikin rabi ne."

"Sai yanzu ka yi magana irin ta masu gemu." Ta sauke kaskon, ta goge hannu a zani. "Ran Lahadi bayan sujada na tare shi a ƙofar coci, gaban matarsa da surukarsa. Na ce, Godfrey, ni na karɓi haihuwarka, na gan ka kafin ka mallaki wando. In Juma'a ta wuce katangar nan tana tsaye, zumuntar matan coci za ta dawo da koyon waƙa ƙofar gidanka. Mu sittin, da ganga da tulu, kullum ƙarfe biyar na asuba, har sai damina ta wuce."

"Ya ce me?"

"Ya taɓa jin muryar Priskila, mai ba mu waƙa, in ta ɗaga. Jiya ya aiko magina suka auna. Juma'a za su fasa."

Natan ya zauna daɓas a kan benci. "Rumfar fa?"

"Ranar da katanga ta faɗi, rumfa ta tashi. Ba zan riga shi ba, ba kuma zan bar Mu'mina ta sake kwana a aji ba."

"To me ya sa kika bar ni ina ta zuba tun ɗazu?"

"Ina so in ga ko kana da bakin gaya wa tsohuwa gaskiya. Kana da shi, sai dai ƙarami ne."

Ya ɗaga hannu biyu sama yana dariya. "Na sallama. Daga yau ke ce sakatare."

"Ban iya ɓata takarda ba."

Ta shiga bayan rumfa, ta yi ta motsi da kwanuka, ta fito da wasu dogayen takalman roba baƙaƙe, irin na shiga fadama, ta dire su a gabansa.

"Na marigayi kakanka ne, mijina na gaske. Ka sa su ran Asabar, kada kwalba ta yanke ka a ce ni ce."

Natan ya zura ƙafa. Takalmin ya haɗiye shi har gwiwa, ƙafar tana yawo a ciki. Ya yi taku biyu, na uku takalmin ya tsaya a baya, shi ya yi gaba da safa.

Susana ta riƙe ciki tana dariya har da hawaye.

"Cusa tsumma," ta ce. "A hankali za ka cika su."