Rasuwar Gangariya, Rakodar Malam Muntaka

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika maƙil, Malam Muntaka na Unguwar Tudu, yamma da Bici, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar rakodarsa mai lasifika biyu, wadda aka fi sani da Gangariya. Ta cika ranar Talata bayan la'asar, a zaurensa, tana da shekara ashirin da tara.

Marigayiyar ta zo gidan ne daga Ikko, naɗe cikin bargo, lokacin da Malam yake zuwa cin rani. Duk wanda ya zauna da ita zai yi mata kyakkyawar shaida. In ta sako kalangu, kaji watsewa suke yi daga ƙofar gida. In karatu ne, har numfashin alaramma ana ji tsakanin aya da aya.

Ta ga masu neman kujerarta da yawa. Faifan sidi ya zo da ƙyalli, ya karce, ya tsaya kan kalma ɗaya yana in'ina. Daga baya 'yarsa Sakinatu ta kawo masa wani ɗan akwati daga Kano, mai cin memori da filas, har da bulutut. Malam bai yi gaggawa ba. Ya jera su a tabarma, ya sa karatu iri ɗaya a kowanne, ya rufe ido. Da memorin ya gama ya ce, "Wannan an tsame naman ne, an zubar da romon." Bulutut kuwa, kafin ya yi komai sai wata mata ta yi Turanci daga cikin akwatin, kuma da an kira waya sai ya yanke alaramma a tsakiyar aya. Nan ya yanke hukunci, aka mayar da akwatin kwalinsa.

Cikin kaset-kaset ɗinsa akwai wani fari, wanda matarsa Larai, Allah ya jiƙanta, ta aika masa Ikko ta hannun direba. "Malam, gero ya yi kyau. Jar akuya ta haifi biyu. Kada ka manta da takalmin Sakinatu." Sai dariyarta, don ba ta san inda ake dannawa a tsayar ba. Tun da ta rasu, shekara uku ke nan, duk Juma'a sai ya saka shi.

Sakinatu ta roƙe shi ya fi a ƙirga. "Baba, ka ba ni kaset ɗin nan in kai a juye shi a memori."

"In ji uwarki ta cikin wancan gwangwanin? Bar ta inda take."

Ciwon ajali ya fara ne shekarar da fetur ya tashi, komai ya bi shi. Batir mai kyau ya fi ƙarfin manomi, Malam ya koma batiran bakin kasuwa, suka yi ruwa a cikinta. Muryarta ta soma ja kamar ta mai jin barci. Aka kai ta wurin Basiru mai gyara a Bici. Ya buɗe, ya ga robar da ke jan kaset ta narke, ga shi an daina kawo irinta. Ya ɗaura mata abin da ya samu, ya ce, "Baba, ka ji ni da kyau. Kada ka sa mata kaset ɗin da kake so."

Wata biyu Malam yana kiyayewa. Ranar Talata ya dawo daga gonar da bai iya saya wa taki ba, ya ga abin da za a yanka bana, ya zauna a zaure bai ko wanke ƙafa ba. Ya so ya ji wani ya ce gero ya yi kyau. Ya ɗauko farin kaset ya danna. Larai ta ce, "Malam, gero ya," sai ƙir-ƙir-ƙir, sai shiru. Da ya buɗe ya tarar zaren ya nannaɗe, ya manne da narkakkiyar roba. Ya yi ta lallaɓa shi da tsinke har aka kira magariba. Guntu-guntu ya fito.

Marigayiyar ta bar lasifika biyu, lafiyarsu ƙalau amma babu mai yi musu magana, da kaset arba'in da shida, da eriyar da aka ɗaure da waya, da kuma Malam.

Ranar Asabar da hantsi masu jari bola za su zo da kurarsu ta turawa, a auna ta, a tafi da ita. Ba a buƙatar rakiya. Za a karɓi gaisuwa a zaure kwana uku. Mai niyyar cewa "ai an gaya maka" ya yi zamansa a gida, don ko Sakinatu ba ta faɗa ba.

Roƙo ɗaya iyalan ke yi. Duk wanda ya taɓa ɗaukar biki ko suna a unguwar nan da wayarsa, ya duba da kyau. In muryar Larai ta shiga ciki, ko daga nesa ne, ko sannu kawai ta ce, don Allah ya kawo. Malam zai saurara ta kowace irin waya.