Rasuwar Gimbiya, Sandar Fatsar Murdo Rennie

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannun dama da ya rasa abin riƙewa, ni Murdo Rennie na ƙauyen Kilbrae, a madadin kaina da kifayen kogin Arrol, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar sandar fatsata, wadda aka fi sani da Gimbiya. Ta riga mu gidan gaskiya ranar Talatar da ta gabata da hantsi, a ƙofar gidana, tsakanin murfin mota da jikin mota, a hannun surukina Crispin. Ta rasu tana da shekara sittin da 'yan kai.

An haifi marigayiya a shagon wani tsohon kafinta a garin Perth. 'Yar gidan gora ce gaba da baya, an tsaga ta sili-sili aka manne, aka naɗe gaɓoɓinta da jan zaren siliki. Mahaifina ne ya damƙa mini ita shekarar da na bar makaranta. Ya ce, "Ungo. Tunda boko ya gagare ka, je ka yi zaman banzanka inda maƙwabta ba za su gan ka ba." Tun daga ranar ban saɓa wa wannan umarni ba.

Duk wanda ya zauna da Gimbiya zai shaide ta da kamun kai. Ba ta taɓa kusantar tana ba, balle a soka mata guntun nama a ƙugiya irin na masu neman abin miya. Aikinta na masu mutunci ne. Sai a ɗaura gashin zakara a ƙugiya har ya yi kama da ƙuda, a kaɗa zaren a sama gaba da baya, a sauke shi kan ruwa ba tare da ko ɗigo ya fantsama ba, a yaudari kifi cikin ladabi. In ya yarda ya haɗiya, a jawo shi, a zare masa ƙugiya, a ba shi haƙuri, a mayar da shi gida. Matata Effie, Allah ya ji ƙanta, ta rayu ta mutu ba ta gane hikimar wannan ba. Takan ce, "Wato ka wuni tsaye cikin ruwan ƙanƙara har ƙugu, ka kama abincinmu, ka gaishe shi, ka sake shi, sannan ka dawo kana tambayata me aka dafa."

Marigayiya mai riƙon amana ce. Akwai wani babban kifi, irin wanda ake kira samon, da muka kama tare shekarar da kogi ya cinye tsohon injin niƙa. Kifin nan bai daina girma ba har yau. A mashayar ƙauye ya wuce tsawon tebur tun tuni, kuma ko sau ɗaya Gimbiya ba ta taɓa buɗe baki a gaban jama'a ta ce ba haka aka yi ba. Ba ta kuma nuna bambanci wajen kamu. Ta kama kunnena na hagu, ta kama hular fastonmu yana tsaka da gaishe ni, ta kama wata tunkiya da ta zo shan ruwa, wadda ta fi kowane kifi ba mu wahala. Ba ta taɓa fita aiki ranar Lahadi ba, ko da yake masu gulma na cewa dokar kogi ce ta hana ta, ba tsoron Allah ba.

Ba mai yawan magana ba ce. In tana cikin nishaɗi takan ce fiiit, fiiit, a saman kaina. In kifi ya ɗauka ya ruga, sai keken naɗe zarenta ya amsa da kirrrr, muryar da na fi so a duniya, har fiye da ta mawaƙan cocinmu, waɗanda nake roƙo kada su ɗauki wannan da zafi.

Ta rasu ta bar keken zaren nan, wanda bai sake cewa uffan ba tun ranar Talata. Ta bar wandon roba mai kaiwa ƙirji, wanda ƙafarsa ta hagu ke shan ruwa tun zamanin Effie, da gwangwanin ƙudaje na gashin tsuntsu, marayu masu yawa, da ragar ɗebo kifi wadda har yanzu take kamar sabuwa saboda ba a cika wahalar da ita ba. Ta kuma bar abokin adawarta Fergus Tait, tsohon ma'aikacin gidan waya, wanda muka shekara hamsin muna tsayawa a gaɓa ɗaya kowa na zagin yadda ɗan'uwansa ke jifan ƙugiya.

Game da jinyarta, gaskiya tare muka kwanta. 'Yan shekarun nan ta fara ranƙwafawa ta sama, ni ma haka. Bara, dab da rufe lokacin kamun kifi na shekara, na taka wani dutse mai gansakuka, ƙafa ta tafi, kogi ya ɗauke mu mu biyu. Fergus ne ya cafko ni ta wuyan riga, yana ja yana cewa, "Saki sandar nan, tsohon banza." Ban saka ba. Ita ta fito da ɗan tsagu a gaɓar tsakiya, ni na fito da karyayyen ƙugu. Aka naɗe ta da zare, aka sa mini ƙarfe. Likita, wani yaro da ko ruwan kwata bai taɓa shiga ba, ya ce ni da kogi sai dai kallo daga kan gada.

Daga nan ne 'yata Ishbel da mijinta Crispin, dillalin gidaje a Edinburgh, suka shiga neman inda za a ajiye ni. Suka samo wani gidan tsofaffi mai labule masu furanni. Crispin ya nuna mini hotonsa a waya, yana murmushin da yake yi wa masu saye.

"Baba, har da ɗan tafki a tsakar gida. Akwai jajayen kifaye, kana iya ba su burodi da yamma."

Na ce, "Ni ban saba ba kifi abincin gaske ba."

Ranar Talata suka zo ɗaukata in je in ga wurin da idona. Na ce ba inda za ni sai da Gimbiya, don ita ma tana da haƙƙin ganin inda za a binne ta da rai. Na harhaɗa ta tsaf, na zura ta a kujerar baya, kanta na leƙowa waje. Ina juyawa in ɗauko hulata, Crispin ya tura murfin motar.

Kalmarta ta ƙarshe ita ce ƙas. Ba ta ƙara komai ba.

Ya ce, "Ayya, Baba, wallahi ban gan ta ba. Amma ka ga, ai dama likita ya ce..." Sai ya ga fuskata, ya haɗiye sauran.

Iyalan marigayiya ba sa zargin kowa. Ajali ne, in ya zo ko a hannun suruki sai ya cika. Muna dai lura, cikin girmamawa, cewa mutumin da ke shiga ɗaki ya faɗi faɗinsa da tsawonsa da ido kawai, shi ne bai hangi sandar da ta fi shi tsawo ba. Muna kuma gode masa da tayin da ya yi nan take na sayo wata sabuwa a rataye mini a bangon sabon ɗaki, don in riƙa kallo.

Ishbel ta durƙusa ta tsince guntayen daga cikin tsakuwa. Da wannan sanda ta koyi jifa tana 'yar ƙarama, tana tsaye a kan takalmana don kada ruwa ya tafi da ita. Ta jera guntayen a cinyarta kamar za su haɗu, sannan ta ɗago.

"Baba, ni ba ruwana da labule ko tafki. Ba na so ne wata rana a kira ni a waya a ce in zo ƙarƙashin gada in duba ko kai ne aka tsamo."

Na ce, "Na sani, 'yar nan. Amma in kin kai ni can, za ki riƙa zuwa duk wata kina dubawa ko ni ne a kujerar, kuma ba za ki tabbatar ba."

Ta juya ta ce wa mijinta ya tayar da mota. Suka tafi ba ni, ba Gimbiya.

Muna godiya ga duk waɗanda suka zo gaisuwa. Fasto ya zo, ya yi addu'a a taƙaice, na lura bai cire hularsa ba. Fergus ya zo ya shanye mini shayi, ya leƙa gawar a kan teburin kicin, ya ce, "Ta huta. Shekara sittin tana hannun wanda bai iya jifa ba." Da zai tafi ya manta sandarsa a bayan ƙofa, irin ta zamanin nan, baƙa, mara nauyi, mara tarihi. Na bi shi da kira, ya yi kamar kurma. Mutumin da ya shekara talatin yana raba wasiƙu bai taɓa manta ko ɗaya ba.

Shekaranjiya Ishbel ta kira. Ba ta gaishe ni ba.

"In za ka koma kogi, za ka sa rigar da ke hana nutsewa."

"Ta masu yawon shaƙatawa? A gaban Fergus?"

"A gaban kowa. Kuma ba za ka wuce gwiwa ba. Zan tsaya a bayanka in riƙe ɗamararka."

"Ranar jana'izar Gimbiya kawai?"

"Kowace Asabar, har ɗayanmu ya gaji. Kuma ka daina gaya wa mutane mijina ya yi kisan kai."

Na amince da duka, ban da na ƙarshen.

Za a yi jana'izar marigayiya ranar Asabar mai zuwa da safe, a gaɓar kogi ƙasa da tsohuwar gada, gindin bishiyar nan da ta haɗiye mana ƙudaje fiye da duk kifayen Arrol. An ba Crispin girman haƙa kabari. Wurin duwatsu ne da saiwoyi, ana shawartarsa ya zo da wuri, kada kuma ya sa takalman ofis. Fergus zai yi jawabi, an roƙe shi ya tsaya kan alherin mamaciya ya bar maganar mai ita. Ba a buƙatar furanni. Za a raba shayi da wainar alkama a gaɓa, mai son abin da ya fi shayi ƙarfi ya zo da nasa a aljihu.

Bayan an rufe ta, mai makoki zai shiga ruwa da sandar aro, don haka al'ada ta tanada, ko kuma za ta tanada daga ranar. Mai son yi mini ta'aziyya ya same ni a can, ya tsaya ta hagu, ya yi magana ƙasa-ƙasa. Kada kowa ya tsaya a bayana sai Ishbel. Ita kaɗai ta san lokacin da ake sunkuyawa ƙugiya ta wuce.